Wankin ƙafa da gyaran farce a wani shagon mata a Bauchi

Shagon yana cikin jerin shagunan da ke tsakanin unguwannin Wunti da GRA, kuma na mata ne zalla, domin ko mai kawo ruwan leda a bakin labule yake tsayawa ya yi sallama a karɓa. An fi saninsa da kitso da wankin kai da dilka da lallen amare, sai daga baya mai shagon ta keɓe wani ɓangare daga ciki ta sa kujeru uku masu taushi domin wankin ƙafa da gyaran farce. Wannan ɓangaren na nufa, kuma shi ne karo na farko da na miƙa wa wata hannuna da ƙafata ta gyara. Kafin nan, kamar yawancin matan garin nan, a gida nake yanke farcena, in goge kaushi da dutse a wurin wanka. Abin da ya kai ni shi ne hunturu, domin duk wanda ya zauna a Bauchi tsakanin Disamba da Fabrairu ya san yadda busasshiyar iska da ƙura suke tsattsage dunduniya, musamman ga mai yawan tafiya da silifa, har faso ya kai matsayin da ba a iya taka ƙasa da asuba sai an ɗingisa.

Tarbar ba ta da abin zargi. An faɗa mini farashi tun kafin in zauna, naira 8,000 hannu da ƙafa, ana karɓar tsaba ana karɓar tiransifa, kuma ba a ƙara mini ko sisi a ƙarshe da sunan wani mai ko wani sabulu na musamman ba. Na ɗan jira domin ranar Asabar ce kuma akwai amarya da ƙawayenta, saboda haka mai son a gama mata da wuri gara ta je da safiyar ranar aiki.

Wata matashiya ce ta yi mini aikin, mai nutsuwa, ba mai yawan surutu ba. Ta fara da duba ƙafar tawa a bushe, ta buɗa tsakanin yatsu, ta danna gefen kowane farce, sannan ta ce, "Anti, kina da ciwon suga ko wani rauni da bai warke ba?" Wannan tambayar ta ƙara mata daraja a idona ƙwarai, domin mai ciwon suga yakan rasa ji a tafin ƙafa, ruwa ya ƙona shi ko ƙarfe ya yanke shi bai sani ba, kuma ƙaramin rauni a wurinsa yana iya jan watanni bai warke ba. Da na ce mata babu, sai ta shimfiɗa sabuwar leda a cikin robar jiƙa ƙafa, ta zuba ruwan ɗumi da gishiri da sabulun ruwa, ta sa bayan hannunta ta gwada zafin kafin ta ce in sa ƙafa. An ɗauke wuta muna tsakiyar haka, injin da ke motsa ruwan ya tsaya, amma tun da a kan gas suke dafa ruwan, aikin bai tsaya ba.

Bayan kamar kwata na awa ta ciro ƙafar dama ta ɗora a kan tawul a cinyarta, ta bar ta hagu a cikin ruwan. A nan ne na ga bambancin mai koyo da wadda ta iya. Ta riƙe dunduniyar da hannu ɗaya, ta riƙa goga magogin a hankali, kullum tana bin tsawon tsagar fason maimakon ta gitta shi, kuma bayan kowane ɗan lokaci sai ta tsaya ta shafa wurin da babban yatsanta ta ji inda taurin ya rage. Matacciyar fatar tana zubowa a kan tawul fari tas kamar tsakin masara. Da na ga wata tsaga mai zurfi ta ƙi ɓacewa, na tambaye ta ko ba za ta sa reza ta kankare wurin a huta ba, sai ta girgiza kai ta ce, "A'a Anti, idan aka kankare da reza yau za ki ga ta yi sumul, amma fatar za ta dawo da kauri fiye da da, kuma wurin na iya yin jini. A bar wa man shafawa sauran aikin." Gaskiya ta faɗa. Kaushi kariya ce da fata take yi wa kanta a inda nauyi da gogayya suka yi yawa, idan aka cire shi gaba ɗaya sai jiki ya yi gaggawar mayar da shi, ga kuma ƙofar da aka buɗe wa ƙwayoyin cuta. Faratan ƙafa ma a miƙe ta yanke su, ba ta bi kusurwa ta rarake ba, wanda shi ne yake hana farce shiga cikin nama, sannan ta goge kaifin gefen. Ta rufe da tausa da man kaɗanya tun daga yatsu har ƙwauri, kuma ba ta yi shi a gurguje ba.

A hannu ne na sami abin da ban ji daɗinsa ba, kuma saboda shi nake wannan rubutu. Bayan ta jiƙa yatsun ta daidaita tsawon faratan, sai ta ɗauko wani ɗan ƙaramin almakashi daga cikin kwando ta fara yanke siririyar fatar nan da ke gindin farce. A yatsa na uku ta ɗan zarce, jini ya tsatso kaɗan. Ta ba ni haƙuri nan take, ta danna auduga da sifirit, kuma ban riƙe ta da laifi ba, domin haka aka koya mata. Sai dai wannan fatar ba ƙazanta ba ce. Ita ce take toshe tsakanin farce da nama, kuma likitocin fata suna ba da shawarar kada a yanke ta, iyaka a tura ta baya a hankali bayan ta yi laushi. Ta irin wannan ƙaramar kafa ce kumburin gefen farce yake samun hanya, kuma duk wadda ta taɓa kwana da ɗan karkare ba ta bukatar a yi mata bayanin azabarsa.

Jinin ya sa na waiwayi kwandon. Almakashin da ya yanke ni daga cikinsa ya fito, tare da sauran ƙarafan da na ga an yi wa ƙawar amarya aiki da su, kuma abin da ya shiga tsakaninmu bai wuce shafa audugar sifirit sau ɗaya ba. Akwai wani akwati mai shuɗin haske a kan kanta wanda suke cewa yana kashe cuta, amma babu wuta a lokacin, kuma ko da akwai, haske ba ya shiga mahaɗar almakashi ko ƙarƙashin dattin da ya maƙale. Abin tsoron a nan shi ne ciwon hanta nau'in B, wanda yake yaɗuwa ta jini, kuma ƙwayarsa tana iya rayuwa a wajen jiki aƙalla kwana 7, ko da jinin ya bushe ido ba ya ganinsa. Sai a shekarar 2004 aka shigar da rigakafinsa cikin alluran jarirai a Nijeriya, wato mu da muka girme wannan shekarar yawancinmu ba a yi mana ba sai wanda ya nema da kansa. Mun daɗe muna yi wa mazajenmu faɗa a kan miƙa hannu ga masu yawo da almakashi a kasuwar Muda Lawal da bakin masallatai, alhali haɗarin ɗaya ne ko a kan benci ko a kan kujera mai taushi. A asibiti ƙarfe ba ya tsarkaka sai an wanke shi an sa shi a tukunyar tururi mai zafin digiri 121. Ban ce dole ƙaramin shago ya sayi wannan tukunya gobe ba, amma wanke kowane ƙarfe da burushi da sabulu, da jiƙa shi a maganin kashe ƙwayoyin cuta na tsawon lokacin da aka rubuta a jikin kwalbar, da tanadar saiti da yawa domin kada a ɗauko na wata a ɗora wa wata, duk ba su fi ƙarfin shagon da yake karɓar amare ba. Na faɗa wa mai shagon haka a keɓe, ta saurare ni ba tare da ɓata rai ba, ta ce, "Hajiya, na gode, in sha Allahu za a gyara."

Game da janfarce, ita ma'aikaciyar ce ta riga ni magana, ta tambaya ko ina salla a kwanakin, domin fenti yana hana ruwan alwala taɓa farce, saɓanin lalle da launi kawai yake bari. Na zaɓi a goge faratan su yi sheƙi ba tare da an shafa komai ba, kuma sun yi kyau sosai. Farcen roba kuwa ban ga dalilinsa ba ga mace mai tuƙa tuwo da wanki.

Ƙafar ta riƙe laushinta na makonni, amma da taimakon abin da yarinyar ta koya mini, wato shafa man kaɗanya ko basilin da dare bayan an jiƙa ƙafa, a sa safa a kwana da ita. Tsagar nan mai zurfi a haka ta rufe. Farcen hannu yana tsiro kamar milimita 3 a wata, na ƙafa kuwa kusan rabin haka, saboda haka babu bukatar zuwa shago kowane mako. Yankan gida ya wadatar a tsakani, balle ga wanda yake kiyaye hadisin da ya hana barin farce ya wuce kwana 40. Ina ba da shawarar shagon ga mai fama da kaushi da faso, musamman a farkon hunturu da ƙarshensa, bisa sharaɗi biyu: ta sayi nata saitin ƙarafan a shagon kayan kwalliya ta tafi da shi, kuma ta faɗa tun kafin a fara cewa kada a yanke mata fatar gindin farce. Mai ciwon suga kuwa ta fara nuna ƙafarta ga likita kafin ta sa ta a ruwan kowa.