Sheryl Crow: kundin 1993 ko na 1996?

Idan ciniki ne ma'auni, kundin waƙoƙi na farko na wannan mawaƙiya 'yar Amurka, Tuesday Night Music Club, ya yi wa na biyu fintinkau: kwafi miliyan 7 a Amurka, ga lambobin yabon waƙa na Grammy 3. Sai dai aikin gayya ne, har wasu abokan aikin suka yi ta gunaguni cewa ta kwashe yabon ita kaɗai.

Na 1996, mai ɗauke da sunanta, da kanta ta tsara shi. Jita ta ƙara kaushi, murya ta ƙara kaifi. Walmart, kamfanin manyan kantuna na Amurka, ya ƙi sayar da shi saboda baiti guda kan yara masu kashe juna da bindigar kantinsa. Kwafi miliyan 3 na kundin aka sayar, amma ya lashe Grammy na kundin rock. Ni dai shi nake maimaitawa.