Kafin ka zuba kuɗinka a irin ciyawa, ka san wane dangin wake za ka haɗa mata

Jiya bayan la'asar muna zaune a unguwar Aboabo nan Kumasi wani ƙanena ya ce min, Yaya na samu eka ɗaya a hanyar Ejura, ina so in shuka wa raguna ciyawa saboda layya mai zuwa, wace iri zan saya? Na ce masa Malam tambayarka rabi ce, ciyawa ita kaɗai cika ciki take, in kana son nama sai ka haɗa mata da dangin wake.

Dalili kuwa shi ne ciyawa irin su gini da gamba tana da kyau tana ɗanya, amma da hunturu ya shigo wajen Disamba ta bushe ta zama kara, furotin ɗinta sai ya faɗi ƙasa da kashi 7 cikin 100, kuma ƙasa da haka ƙwayoyin da ke tumbin dabba ba sa iya narka abincin da kyau, shi ya sa za ka ga rago yana ta ci amma haƙarƙari a waje. Ganyen dangin wake kuwa yana kai kashi 15 zuwa sama da 20. Sannan in ka tuge shi za ka ga 'yan ƙulle-ƙulle a jijiya, can ne yake tara naitirojin, sinadarin da ke cikin takin yuriya, daga iska, ciyawar da ke gefensa ta amfana, kai kuma ka rage sayen yuriya. Abin da ake nema dangin waken ya kai kamar kashi ɗaya cikin uku na filin.

To wanne za ka saya?

Lablab, wani wake mai yaɗo, shi ne wanda nake ba sabon shiga. Ƙwayarsa manya ce kamar wake, ka shuka kamar yadda ka saba, cikin wata uku ya rufe ƙasa, ka yanka ka shanya a inuwa ka samu harawa mai kyau, har ta fi wadda ake lodowa daga arewa a buhu ganye duk ya kakkaɓe sai kara. Matsalarsa ba ya daɗewa, kusan duk shekara sai ka sake saye, yana cin iri da yawa wajen kilo 15 zuwa 20 a hekta (hekta ɗaya kusan eka biyu da rabi ce), kuma ba ya jure a sake masa dabbobi su tattake. Na yanka ne a kai gida. Kar kuma ka ba rago mai yunwa ɗanyensa zalla, kumburin ciki na iya biyo baya.

Sitailo (Stylosanthes), wani ɗan tsiro dangin wake mai ƙananan ganye, kuma akasin haka ne. Irin ƙanana ne sosai, kilo 3 ko 4 ya ishe ka hekta, yana jure ƙasa mara ƙarfi da kiwo, ya zubar da iri ya sake fitowa da kansa. Sai dai akwai kala-kala, Verano ya fi son wajen da ruwa bai yi yawa ba kamar arewa, mu nan Kumasi da muke da damina biyu Cook ya fi dacewa. Ka tambayi mai sayarwa wanne ne, in ya tsaya yana sosa ƙeya ka riƙe kuɗinka. Ɓawon irin tauri ne da shi, ana jiƙa shi a ruwan zafi wanda bai tafasa ba na 'yan mintuna kafin shuka, in ba haka ba ka zauna jira. Ni shekarar farko ban san wannan ba, na watsa shi haka nan cikin gini da ta riga ta yi tsawo, wallahi ko ɗaya ban gani ba, na yi ta zagin mai shagon alhali rabin laifin nawa ne.

In ciyawar giwa za ka dasa, wadda ake binne kararta mai gaɓa uku a bar ɗaya a waje, to sitailo zai sha wahala a ƙarƙashinta saboda inuwa. Santiro (Centrosema), shi ma dangin wake, ya fi, shi yaɗo yake ya hau kara, yana son ruwa irin namu, amma yana da jinkirin kamawa, wata biyun farko sai ka dage da cire ciyayi.

Lusina (Leucaena) ko, wata 'yar bishiya dangin wake, ba sai ka saya ba, tana nan a bakin hanyoyi, ka tsinci busassun kwanson ka yi shinge da ita. Ganyenta na nan kore har cikin rani. Amma tana da wani guba mai sa gashi zubewa in ta yi yawa, kar ta wuce kashi ɗaya cikin uku na abincin.

Wajen saye, ni dai na fi yarda mutum ya fara tambayar malaman gona na gunduma ko sashen dabbobi na jami'ar KNUST da ke nan Kumasi, su nuna masa inda ake samu, a kan irin da aka ƙulla a leda ba suna ba kwanan wata. Ko ina ka saya, ka ƙirga ƙwaya 100 ka sa a jiƙaƙƙen buhu sati ɗaya zuwa biyu ka ga nawa suka tsiro kafin ka biya na duka. Kuma ka ware kuɗin takin sufa, dangin wake fosfaras yake so, in ka zuba yuriya da yawa ciyawa ce za ta haukace ta danne shi.

Ƙanen nawa dai na ce ya yi layi biyu na gini, layi ɗaya na sitailo da ruwan Afrilu, ya ware kwata ɗin ekar ya zuba lablab a Satumba don harawar hunturu. Ginin ma ba sai ya saya ba, akwai ta cike a bayan gonata, na ce ya zo da fartanya ranar Asabar mu tsaga masa tushe.