Gidan gasasshen kifin nan na Gesse, kuɗin da ke allo shi za ka biya

Jama'ar Birnin Kebbi in kuna son kifi ku leƙa wanga wuri na Gesse, wanda ke da fararen kujerun roba a waje. Kifin dai ba laifi, tarwaɗa da gargaza, gashin ya shiga ciki sosai, yajin ne kaɗan suke sawa sai ka ce a ƙaro. Dankalin kam rannan ya sha mai da yawa, na gaya wa yaron.

Amma ni abin da ya burge ni allon da sunka kafa a bakin ƙofa. Kowane girman kifi da kuɗinshi a rubuce, har robar tekawe an rubuta kuɗinta, a ƙasa kuma sun sa cewa harajin VAT na kashi 7.5 yana ciki. Ka ci ka tashi, rasit ya zo daidai da allo, ko ta POS ka biya ba a ɗora maka ko sisi. Wallahi a garin nan abin ya zama baƙo, wani wurin sai ka gama ci ka wanke hannu sannan a kawo maka sabis caj da kuɗin roba da cajin POS, kai kuma ga iyali a gabanka kunya ta hana ka musu, haka nan za ka biya kana ƙuna a ciki.

Kuma fa ba alfarma ba ce sunka yi muna. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda Buhari ya sa wa hannu a 2019, sashe na 115 ya ce dole mai kaya ya bayyana farashi, kuma ba ya da ikon karɓar sama da abin da ya rubuta. Hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ke lura da ita, a Fabrairun 2024 ma ta rufe wani babban kanti a Abuja saboda kuɗin da ke rubuce a jikin kantar kaya daban, wanda ake karɓa wurin biya daban.

Matsalarsu guda jira. Bayan Isha'i wurin cika yake, injin POS ɗin ma guda ne, in netwok ya ɗauke sai ku yi layi. Na ce da mai wurin Alhaji a ƙaro inji mana, ya yi dariya ya ce in sha Allahu. Ku je da wuri, kamar bayan Magariba, ko ku riƙe tsabar kuɗi a aljihu.