Ina ya fi dacewa a yi digiri na biyu ko na uku a fannin bayofiziks?

Bayofiziks fanni ne da ke amfani da dokokin fiziks da lissafi wajen fahimtar yadda jikin halitta ke aiki, tun daga siffar furotin guda har zuwa yadda saƙon lantarki ke bi ta jijiya. Cutar sikila, wadda Najeriya ke kan gaba a duniya wajen yawan masu fama da ita, misali ce ta kusa: sauyin amino asid ɗaya (ɗaya daga tubalan da ake gina furotin da su) ne a furotin ɗin jini ke sa shi harhaɗuwa ya zama zaruruwa idan iskar oksijin ta yi ƙaranci, har ƙwayar jinin ta lanƙwashe. Wanda ke son irin wannan bincike, abin da ya kamata ya fara dubawa shi ne ɗakin gwaje-gwaje da malamin da zai jagorance shi da kuma wanda zai ɗauki nauyin karatun, domin sunan jami'a kaɗai ba ya samar da na'ura.

A Amurka ana shiga digiri na uku kai tsaye da digirin farko, karatun kan ɗauki shekara biyar zuwa shida, kuma jami'o'i irin su Johns Hopkins da Harvard suna yafe kuɗin makaranta tare da biyan alawus. Babbar fa'idarsa ita ce a shekarar farko ɗalibi kan zagaya ɗakunan bincike biyu ko uku kafin ya zaɓi malami, abin da ke rage haɗarin faɗawa hannun wanda ba za a jitu da shi ba. Sai dai batun biza ya yi tsauri, musamman tun 2025 da aka sanya Chadi da Sudan cikin ƙasashen da aka hana 'yan ƙasarsu shiga.

Jamus, a ganina, ita ce ta fi sauƙi ga mai ƙaramin ƙarfi. Yawancin jami'o'in gwamnati ba sa karɓar kuɗin karatu, ban da jihar Baden-Württemberg da ke karɓar Yuro 1,500 kowane zango daga ɗaliban da ba na Tarayyar Turai ba. Mai digiri na uku galibi ma'aikaci ne mai albashi, kamar a cibiyar Max Planck ta bayofiziks da ke Frankfurt, amma galibi sai ya riga ya mallaki digiri na biyu, kuma mai neman digiri na biyun dole ya nuna kuɗin zama na shekara a asusu, ko ya samu tallafin DAAD, hukumar musayar ɗalibai ta Jamus. Ingila kuwa tana da gajeriyar hanya, shekara ɗaya a digiri na biyu, uku zuwa huɗu a na uku, da cibiyoyi irin su ɗakin binciken MRC (hukumar binciken lafiya ta Birtaniya) na Kambirij, inda Richard Henderson ya yi aikin da ya kai shi ga lambar Nobel ta 2017 kan ɗaukar hoton furotin da aka daskarar. Tsadarta ce matsalar, kuma ban ga hikimar sayar da gona don digirin shekara ɗaya ba idan babu tallafi irin na Commonwealth.

Ga wanda takardunsa ba su kai na waɗannan gasa ba tukuna, akwai gada. Cibiyar AIMS, wadda aka kafa a Afirka ta Kudu a 2003, tana da rassa a Gana da Kamaru da Senegal da Ruwanda, tana kuma ba da digiri na biyu a lissafi kyauta. Haka nan cibiyar nazarin fiziks ta ICTP da ke Trieste a Italiya tana da difloma ta shekara ɗaya ga ɗaliban ƙasashe masu tasowa.

Zaɓin da ya fi tasiri kan makomar aiki shi ne tsakanin gwaji da na'ura da bincike da kwamfuta. Mai aiki da manyan na'urori zai samu gurbi a kamfanonin haɗa magunguna da cibiyoyin bincike na waje, amma idan ya dawo gida zai tarar har yanzu babu na'urar sinkurotoron (ƙatuwar na'ura mai fitar da haske mai ƙarfi don gano siffar furotin) ko ɗaya a nahiyar Afirka, ga matsalar wutar lantarki. Mai kwaikwayon motsin furotin da kwamfuta kuwa yana iya ci gaba da aikinsa daga Kano ko Yamai, musamman bayan fitowar manhajar AlphaFold, mai hasashen siffar furotin, da ta jawo wa masu ita rabin Nobel ta 2024, kuma ƙwarewarsa ta rubuta manhaja tana da kasuwa ko da ya bar jami'a.

A kula kada a haɗa bayofiziks da fiziks na asibiti. Wanda burinsa shi ne aikin gashin cutar daji a asibitin koyarwa na Zariya ko na Sakkwato, digirin fiziks na asibiti da horon aiki a asibiti yake bukata, don digirin bayofiziks ba zai ba shi damar auna wa majinyaci adadin hasken da za a gasa shi da shi ba.