Shuɗi ko ruwan hoda? Amsa ga mai tambayar ruwan hitar motar gida

Salam. Ɗan uwa barka da arziki, Allah ya sa alheri ya tsare hanya. Hoton da ka turo na gani, hitar Alde ce irin tawa, wadda ke zagaya ruwan ɗumi ta bututu don ɗumama motar gida (motar da ake kwana a cikinta), kuma ruwan da ke cikin ɗan tankin nan na cikin wadrof shuɗi ne ya sauka ƙasa da layin MIN, wato alamar mafi ƙarancin ruwa. Tunda tambayarka tsakanin shuɗi mai araha ne da mai kalar hoda mai tsada, toh ni duka biyun na zuba a tawa motar nan Jamus, ɗaya na ji daɗinsa ɗaya kuma har yau in na tuna sai na yi tsaki.

Mai kalar hodar nan, wanda za ka ga an rubuta G13 ko G12++ ko G12evo a jikin jarkar, shi ne a motata yanzu shekara ta huɗu kenan. Shekara 5 yake yi kafin a canja, kuma shi kamfanin Alde ma yake cewa a zuba. Hunturun da ya wuce na kwashi iyali muka je tsaunukan Harz don yara sun dame ni sai sun ga dusar ƙanƙara ta gaske ba irin ta cikin gari da take narkewa kafin azahar ba, muka kwana a wani fili kusa da Braunlage, da asuba na leƙa waje madubin mota duk ya daskare, butar da na manta a bakin ƙofa ta zama dutse wallahi sai da na shigo da ita ciki ta narke kafin na yi alwala. Amma cikin motar? Ƙaramar 'yata ta yi wurgi da bargo tana barci da singileti, uwargida ta jera safar yara a saman allon da ke bayan kujera inda ɗumin bututun ke fitowa, kafin mu gama shan shayi sun bushe ƙarau. Ba ƙara ba komai, sai ɗan motsin famfon da ke zagaya ruwan hitar da sai ka kasa kunne za ka ji. Ita da ta ce ba za ta taɓa kwana a mota ba, ita ce ta ce mu ƙara kwana ɗaya.

Shuɗin kuwa, G11 ake ce masa, yana hana daskarewa, iyakar yabon da zan yi masa kenan. Shekara 2 ne wa'adinsa.

Ga inda mutane ke ruɗewa kuma nan ne ni ma na faɗa. Ruwan nan aiki biyu yake yi. Na farko ya hana daskarewa, don ruwa in ya zama ƙanƙara yana kumbura da kusan kashi 9 cikin 100, kaga bututu da tukunyar hita ba za su ɗauka ba, fashewa za su yi. Sinadarin gilaikol ke yin wannan, in aka haɗa kashi 40 na gilaikol da 60 na ruwa zai riƙe har wajen digiri 25 ƙasa da sifili, in rabi da rabi ne ya kai wajen 37. Kuma gilaikol ɗin ba ya saurin mutuwa. Aiki na biyu shi ne hana tsatsa da cin ƙarfe, don tukunyar da bututun alminiyam ne, toh maganin tsatsar nan shi ne yake ƙarewa da shekaru. Shi ya sa za ka ɗiga ruwan a ɗan ma'aunin nan refraktomita ka duba ka ga ya nuna maka lafiya lau, ka ce ai da saura, alhali a ciki ana ta cin alminiyam ɗinka a hankali kamar gara a azara. Bambancin shekara 2 da shekara 5 duk a nan yake, ba a sanyi ba.

Ni lokacin da na sayi tawa na hannu ce, na ga ruwa ya ragu, kuma ka san halinmu daga gida, lagireto in ya yi ƙasa ko ruwan leda ne sai a ɓula a tsiyaya a wuce, a Kano waye ya damu da daskarewa. Na shiga intanet na ga wani yana sayar da jarka mai lita biyar a rabin kuɗin shago, ba lamba ba komai a jiki sai "ya dace da kowace mota", na ce araha ta samu. Na ɗora a kan wanda ke ciki ban san ko menene ba. Bayan 'yan watanni sai bayan motar ya daina ɗumi, gaba zafi wajen gado sanyi, tankin kuma ruwan ya koma kalar kunun kanwa da wani dalala a ƙasa. Makanike ya ciro famfon ya nuna min, duk ya cushe da wannan kaurin. Kuɗin famfo da wanke layi gaba ɗaya ya ninka abinda na yi tunanin na rage sau ban san adadi ba. Araha ba ta ado.

Saboda haka kar ka yi ciko a kan shuɗin nan da ba ka san shekarunsa ba. A zubar da shi duka, a wanke layin da ruwa mai tsabta har ya fito fari, sannan a zuba sabo. Tawa ta sha kusan lita 12, taka ta danganta da tsawon motar. Ka sayi wanda aka riga aka haɗa ka huta, in kuma mai kauri ka saya za ka sirka da kanka to da ruwan batir, wato tataccen ruwa (distilled water) ba asid ba, za ka sirka ba na famfo ba, na famfo a wurare da yawa nan Turai farar ƙasa ta yi masa yawa, dubi cikin butar shayinka ta lantarki ka gani. Bayan an zuba dole a fitar da iska ta ƙananan kusoshin da ke jikin bututu, in ka ji ƙululu ƙululu kamar cikin mai azumi toh iska ce ta rage. Ruwan ya tsaya kamar santimita 1 sama da MIN lokacin da hitar take a sanyaye. In ba ka da famfon turawa gara ka kai wa masu aikin, ni na gwada da kaina sau ɗaya na yini ina ɗaga gaban mota ina saukewa don iskar ta fita.

Ba ka tambaya ba amma bari in faɗa maka, ka yi hattara da masu sayarwa. Kala rini ce kawai, kowa zai iya rina ruwa ya zama hoda, lambar jikin jarka za ka karanta, G13 tana tafiya da TL 774 J, kuma murfi ya zama a liƙe ba a taɓa buɗewa ba. Masu sayar da mota ma haka, kowa sai ya ce maka "bara aka canja", ka ce ya nuna rasit. Wasu tankin sama kawai suke zuƙewa su cika da sabo don ido, na cikin bututu yana nan tun na mai motar farko. Sannan in a Jamus kake, a shago za ka ga Frostschutz, wato maganin daskarewa, iri biyu kusa da juna, na wanke gilashi shi ma shuɗi ne kuma ya fi araha, barasa ce a cikinsa, ko kusa kar ya shiga hita, Kühlerfrostschutz za ka nema.

Tsohon ruwan kuma guba ne, ga shi da ɗan zaƙi, yara da kyanwa na iya lasa kuma ƙoda yake kashewa. Kar ka zuba shi a gorar lemo ka ajiye, kar ka tuttular a kwata, ka kai wurin karɓar shara mai guba na unguwarku.

Wani abu da na kusa mantawa, gilaikol ɗin layin ɗumama ɗaki kawai yake karewa. Ruwan wanka mai zafi da ke cikin tukunyar ruwa ne zalla, in za ka ajiye motar da sanyi ba a kunne ba sai ka ɗaga ɗan hannun nan mai kalar ruwan ɗorawa na zubar da ruwan tukunyar, ruwan ya tsiyaye, ka bar kawunan famfo a buɗe.

Ka sayi G13 ko G12evo haɗaɗɗe a shago mai rasit, ka rubuta wata da shekara da alƙalamin maka a jikin tankin. In ka buɗe kuma ka ga ruwan ya riga ya yi kauri turo hoto kafin ka kunna hitar.