Hattara da mai sayar da kaset ɗin Pokémon Unbound a Instagram

Wallahi har yanzu raina a ɓace yake. Dubu 38. Dubu 38 fa jama'a, ban da 4,500 da na ba direba a tasha. Kuma kada wani ya zo yana ce min ai ban san harkar gem ba, tun ina firamare nake riƙe da Game Boy Advance, ƙaramar na'urar gem ta hannu ta kamfanin Nintendo, Pokémon FireRed ɗin 2004 na gama shi ban san sau nawa ba, Emerald ma haka. Na sani sarai Unbound ba na Nintendo ba ne, masoyan Pokémon ne suka ɗauki FireRed suka sake masa gini, sabuwar ƙasa mai suna Borrius, sabon labari, kuma kyauta suke ba da shi a intanet, faci ne, wato fayil ɗin gyara, kawai ka ɗora a kan fayil ɗin FireRed ka buga a waya. Duk na san wannan. Ni dai so nake na ji shi a hannuna a tsohuwar Game Boy Advance ɗina samfurin SP, shi ke nan laifina.

Abin da ya ci ni bidiyo kol ɗin nan ne. Mai sayarwar ya kira ni, ya sa kaset ɗin a gabana, ya yi sebin, wato ya adana inda ya kai a wasan, ya kashe, ya kunna, ga wasan yana nan daram. Ya ce "babban yaya ai amana ce, ni ma ɗan gem ne, ba zan cuce ka ba." Ni ma ɗan gem ne. Maganar nan ta ƙi fita daga kaina. Ina kallonsa fa ya kashe ya kunna! To wa zai ga haka bai yarda ba?

Ran Talata kayan suka iso, a'a Laraba, don Talata ce ya ce mota ta lalace a hanya. Kafin nan ma ya so na ƙara dubu 5 wai na kwali mai kyau na ƙi, a nan ya kamata na farga. Da na buɗe leda takardar jikin kaset ɗin har ta fara ɓarewa, launinta ya koɗe, ba shi ne wanda ya nuna min ba sam. Na ce bari dai na gwada. Kwana uku ina bugawa ban kashe ba sai dai na bar ta a caji, na ci baji biyu, wato lambobin nasara na cikin wasan, ranar da na kashe na kunna komai ya tafi, sai sabon wasa. Agogon cikinsa ma ba ya tafiya, alhali Unbound yana da dare da rana.

Na yi masa magana ya ce wai SP ɗina ce ta tsufa. SP ɗin da Emerald ɗina yake sebin lafiya lau a kanta. Na ce to dawo min da dubu 38 ɗina na mayar maka da kayanka, ya ce zai duba, da safe na tarar ya yi min bulok, shafin ma ya canza suna.

Ina da sikirinshot na hirarmu duka da rasit ɗin tiransifa, zan ɗora su anjima in na rufe lambobin.

Kada ku biya kowa kuɗin Unbound ko Radical Red, wani gem ɗin irinsa, kyauta ne. In dole sai kaset, ku gwada a hannunku, ku kashe ku kunna kafin ku biya.

Dubu 38. Ƙanina har yanzu dariya yake min, shi a wayarsa yake bugawa ko sisi bai kashe ba, ya ma wuce ni nesa.