Enderal ko Falskaar: wanne za ka fara?

Masu buga wasan kwamfuta na Skyrim sun sha tambayata wanne ya fi tsakanin Enderal da Falskaar, waɗanda aka gina su a kan Skyrim ɗin. Duka kyauta ne, 'yan wasa ne suka ƙirƙire su, amma sai ka mallaki Skyrim tukuna.

Falskaar, wanda Alexander Velicky ya fitar a 2013, ƙari ne a kan wasanka. Ka sauke shi daga shafin Nexus Mods, ka je garin Riften da ke cikin Skyrim da jarumin da kake da shi, ka wuce sabuwar ƙasa. Hatsarinsa ɗaya: in ka cire shi a tsakiyar wasa, ajiyar wasanka (save) na iya lalacewa, don haka ka ware ajiya kafin ka saka.

Enderal na ƙungiyar SureAI kuwa wasa ne mai zaman kansa, ya shiga dandalin sauke wasanni na Steam a 2019. Daga farko za ka soma. Ƙwarewa ba ta ƙaruwa da yawan sara, littattafai ake saya da kuɗin wasan, kuma yawan shan maganin warkarwa yana jawo zazzaɓin sihiri mai kisa. Labarinsa ya fi ratsa zuciya nesa ba kusa ba, sai dai yana cin data da lokaci.

Mai son ci gaba da tsohon jaruminsa, Falskaar ya ishe shi. Mai haƙuri da neman labari mai nauyi ya rungumi Enderal.